Yadda Cak Noris Ya Bar Fagen Kareti Ya Koma Wasan Silima

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a Kafancan, ko Fadan Kagoma, ko Kwoi, ko Zonkwa, a zamanin da gidajen kallon bidiyo suka bazu ko'ina cikin ƙasar nan, watau daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa cikin na 1990, ba ya bukatar a gaya masa ko wane ne Cak Noris. Shi ne Baturen nan mai gemu, marar yawan magana, wanda in ya juya ya kai wa ƙato shuri sai ka ga ƙato ya fita ta taga. In an tashi daga kallo, mai gida ya kashe janareta, yara kan watsu cikin unguwa suna tsalle suna harbin iska, kashegari kuwa a wuni ana gardama a makaranta a kan ko shi ya fi ƙarfi ko Burus Li. Mutanen manyan birane irin su Kano sun riga na karkara shiga wannan gardama, gama tun cikin shekarun 1970 finafinan faɗa na 'yan Sin suke gogayya da na Indiya a gidajen silima.

Abin da da yawa daga cikin masu gardamar ba su sani ba shi ne, kafin mutumin nan ya tsaya gaban kyamara ya daɗe yana karawa da maza a fagen gasa na gaske, har ya riƙe kambin duniya na kareti shekara shida a jere. Amma fa kambin ƙofa kaɗai ya buɗe masa. Akwai zakarun da suka yi zamani da shi, waɗanda ba su gaza shi a fage ba, suka bi ta wannan ƙofa suka leƙa, suka fito ba su ƙulla wani abin kirki ba. Dalilin da ya sa shi ya zauna su suka fito, shi ne abin dubawa.

Ɗan talakawa

An haife shi ran 10 ga watan Maris, 1940, a wani ɗan ƙaramin gari da ake kira Ryan cikin Jihar Oklahoma ta Amurka. Ainihin sunansa Carlos Ray Norris. Gidansu gidan talakawa ne, uban kuma ya ba giya gaskiya, har auren ya mutu, uwar ta riƙe 'ya'yanta maza uku a Kalifoniya. Shi da bakinsa ya sha faɗi cewa yana yaro kunya ta yi masa yawa, ba ya iya tsayawa gaban aji ya yi magana, wajen wasannin motsa jiki kuwa ba wanda ke sa shi cikin lissafi.

Cikin 1958 ya shiga sojan sama, aka sa shi cikin 'yan sandan soja, aka tura shi sansanin Osan a Koriya ta Kudu. A can ne abokan aiki suka laƙaba masa sunan Cak, a can ne kuma ya fara koyon wani salon faɗa na mutanen Koriya mai suna Tang Soo Do, wanda ya yi kama da kareti amma ya fi ba da ƙarfi ga aiki da ƙafa. Shurin juyin nan da duniya ta san shi da shi, daga nan ya samo asali. Da ya bar soja cikin 1962 sai ya kama aikin akawu a kamfanin ƙera jiragen sama na Northrop, da yamma yana koya wa mutane kareti, har ya buɗe makarantarsa a garin Torrance.

Ba son suna ya kai shi fagen gasa ba, neman ɗalibai ne. Malamin kareti da ba wanda ya san shi ba ya samun mai biyan kuɗin makaranta, amma in sunansa ya fito a mujalla an ce ya ci gasa kaza, sai iyaye su kawo 'ya'yansu. Da fari ya sha kaye. Bai yi zuciya ba, ya riƙa zuwa wurin malaman waɗansu salon yana cike giɓin da ke gare shi, musamman wajen aiki da hannu. Zuwa 1967 ya zama abin tsoro, har ya rinjayi Joe Lewis, wani ƙaƙƙarfan tsohon soja da ake ganin ba shi da na biyu a lokacin (ba shi ne Joe Louis mashahurin ɗan damben Turawa ba, sunan ne ya zo kusan ɗaya). Ran 24 ga watan Nuwamba, 1968, ya rama kayen da Louis Delgado ya taɓa yi masa, ya karɓi kambin duniya na ajin masu matsakaicin nauyi. Shekara ta gaba mujallar Black Belt ta zaɓe shi gwarzon shekara. Kambin yana hannunsa har ya yi murabus cikin 1974.

A nan ya kamata mai karatu ya lura da wani abu, don kada ya ɗauka irin gasar nan daidai take da dambenmu na gargajiya. Ɗan dambe in ya naɗe hannunsa da zare ya shiga fage, makaɗa na zuga shi, ba abin da yake nema sai ya kai abokin karawarsa ƙasa, abin da 'yan dambe ke kira kisa. Kareti na gasa a Amurka ta wancan zamani kuwa wasan maki ne. Ana so ka kai bugu da sauri da tsabta inda ya dace, amma ka tsai da shi, musamman in fuska ka nufa, alƙalai su ɗaga tuta su ba ka maki. Ana fasa hanci, ana karya haƙarƙari, ba a ce ba a yi ba, amma a ƙa'ida wanda ya wuce gona da iri shi ake hukuntawa. Gasar da ake bugu da iyakar ƙarfi ba ta kafu sosai ba sai cikin 1974, shekarar da Noris ya bar fage. Watau dai ya yi shekara goma yana koyon yadda ake sakin ƙafa da ƙarfi a kuma tsai da ita dab da haɓar mutum. Bai san wannan zai zama jarinsa a wata sana'a ba.

Kisan zakaran duniya

A wurin wata gasa a birnin Niyok ya haɗu da Burus Li. Sa'o'in juna ne, duka an haife su cikin 1940, suka shaƙu, suka riƙa motsa jiki tare a Kalifoniya. Abin mamaki, shi Burus Li da duniya ta ɗauka sarkin faɗa, bai kasance mai shiga irin wannan gasa ba, yana ganin wasan maki ba faɗa ba ne. Shi ne ya fara jawo Noris cikin fim, sa'ad da aka ɗauke shi ya tsara faɗa a wani fim mai suna The Wrecking Crew cikin 1968. Noris ya fito a matsayin ɗan tsaron wani mugu, maganarsa duka ba ta wuce jimla guda ba.

Bayan Burus Li ya koma Hon Kon ya yi suna da The Big Boss cikin 1971 da Fist of Fury cikin 1972, sai ya ƙudura yin fim nasa na kansa, shi ya rubuta, shi ya ba da umarni, shi ne kuma jarumi. Wannan shi ne The Way of the Dragon, labarin wani baƙauye ɗan Sin da ya je birnin Rum na Italiya don ya kare gidan abincin danginsa daga 'yan ta'adda. Yana bukatar abokin karawa wanda 'yan kallo za su yarda cewa zai iya kashe jarumi. Sai ya buga wa Noris waya.

Noris ya sha ba da labarin wannan waya. Ya ce ya tambayi abokin nasa cikin raha ko wa zai yi nasara, Burus Li ya amsa masa cewa ai fim nasa ne, kuma ba so yake ya doki zakaran duniya kawai ba, so yake ya kashe shi. Aka yi dariya, Noris ya yarda. An kuma roƙe shi ya ƙara ƙiba don ya cika ido.

Kada a ɗauki wannan yarda ƙaramin abu. Mutum yana riƙe da kambin duniya, abincinsa ya dogara ga ɗaliban da suka zo wurinsa don sun ji ba a ka da shi, a ce ya tsaya gaban duniya wani siririn mutum ya karya masa hannu da ƙafa ya murɗe masa wuya. A tambayi kowane shahararren ɗan dambe ko ɗan kokawa ko zai yarda a ɗauki hotonsa yana kwance, ko da wasa ne, a riƙa nunawa gari gari. Da yawa za su ce a kai kasuwa.

Waɗanda suka ga faɗan ba su manta da shi ba. An nuna shi a cikin kangon Kolosiyam, tsohon filin da Rumawan dā suke haɗa bayi faɗa har mutuwa, ko da yake mafi yawansa a ɗakin ɗaukar fim na kamfanin Golden Harvest a Hon Kon aka yi shi. Ba kiɗa mai yawa, ba surutu. Mutum biyu suka tuɓe riga suka miƙe gaɓoɓi, wata 'yar kyanwa na zaune tana kallonsu. Da fari Baturen ne ke da rinjaye, har ya kai jarumi ƙasa, shi kuwa ya damƙo gashin ƙirjinsa ya tuge. Sa'an nan ɗan Sin ya sake salo, ya riƙa rawa a kan yatsun ƙafa yana zillewa, har ya gajiyar da shi. Da aka karya wa Baturen hannu da ƙafa aka yi masa alama ya haƙura, ya ƙi, ya taso da ɗingishi ya rungumi ajalinsa. Jarumi ya ɗauko rigarsa da baƙar ɗamararsa ya lulluɓe gawar. Bos ne aka kashe, amma da mutuncinsa ya mutu, shi ya sa 'yan kallo suka fita suna tambayar sunansa.

Fim ɗin ya fito a Hon Kon a ƙarshen 1972. Ran 20 ga watan Yuli, 1973, Burus Li ya mutu yana da shekara 32.

Sana'a biyu

Wannan fim bai mai da Noris ɗan wasa ba. Ya koma makarantunsa, su kuwa suka faɗa cikin matsalar kuɗi bayan ya sa waɗansu 'yan kasuwa cikin harkar, har ya wayi gari yana da shekara 34, ya bar gasa, ga iyali, ga bashi. Wannan ita ce ranar da ke jiran duk mai ci da ƙarfin jikinsa, ko a Kalifoniya yake ko a Sakkwato. Cikin ɗalibansa akwai Steve McQueen, ɗaya daga cikin manyan taurarin Holiwud na lokacin, shi ne ya ba shi shawara ya gwada wasan fim da gaske. Sai zakaran duniya ya koma aji ya zauna tare da samari yana koyon yadda ake magana da tafiya da tsayuwa gaban kyamara.

Hatta faɗan da yake taƙama da shi sai da ya sake koyonsa, domin faɗan gasa da faɗan fim hannun riga ne. A fage, gwani shi ne wanda ke ɓoye niyyarsa, bugunsa gajere ne, ba a ganin tasowarsa sai saukarsa. A fim kuwa bugun da ɗan kallo bai gani ba asara ne. Dole a buɗe hannu, a ɗaga kafaɗa, a nuna wa na kujerar baya cewa ga naushi nan tafe, watau duk abin da malamin kareti ke dukan ɗalibi a kansa. Shi kansa Burus Li, sa'ad da yake wasan talabijin na The Green Hornet cikin 1966, sai da aka roƙe shi ya rage sauri don kyamara ba ta kama motsinsa.

Har wa yau, naushin fim ba ya taɓa mutum. Ana ajiye kyamara ne ta inda tazarar da ke tsakanin hannu da fuska ba za ta fito ba, wanda aka kai wa bugun shi ke fizge kai ya yi sama ya faɗi, ƙarar nan kuma da ke sa 'yan kallo ihu daga baya ake sa ta. Ashe rabin ƙarfin jarumi yana hannun wanda ya iya faɗuwa. Faɗan da za a kalla cikin minti biyar yakan ci kwanaki ana ɗauka, a maimaita motsi guda sau goma ko fi, a tsaya a gyara fitila, jiki ya yi sanyi, a ce a sake. Mai zuciyar fage, wanda in an taɓa shi sai ya rama, ba ya jure wannan.

In kuwa aka saki bugu na gaske, ga abin da ke faruwa. Wajen ɗaukar Rocky IV cikin 1985, Sitalon, wanda aka fi sani da Rambo, ya ce wa Dolph Lundgren, wani zakaran kareti ɗan ƙasar Suwidin, ya buge shi da gaske don abin ya yi kyau. Ya sami abin da ya roƙa a ƙirji, ya yi kwanaki a asibiti ana lura da zuciyarsa. A nan ne tsohon horon Noris na tsai da ƙafa ya yi masa rana.

Gari gari da fim a hannu

Fim na farko da ya fito a matsayin jarumi shi ne Breaker! Breaker! na 1977, labarin direban babbar mota, fim ne na araha ƙwarai. Na biyun, Good Guys Wear Black na 1978, shi ne mararraba. Manyan kamfanoni suka ƙi karɓarsa su rarraba, suna ganin kasuwar kareti ta bi Burus Li kabari. Sai masu fim ɗin suka riƙa karɓar hayar gidajen silima da kansu, kuɗin ƙofa ya zama nasu, Noris kuwa ya bi fim ɗin gari gari, yana shiga makarantu da gidajen rediyo da ofisoshin jaridu yana tallarsa kamar mai tallar magani a kasuwar ƙauye. An kashe wajen dala miliyan 1, aka samu fiye da miliyan 18. A cikinsa ne aka yi tsallen nan aka fasa gilashin gaban mota da ƙafa.

Masu sharhin finafinai a jaridu ba su raga masa ba, suka ce gara a sa itace ya yi wasan. McQueen ya kalli fim ɗin ya gaya masa gaskiya: maganarsa ta yi yawa, ya bar wa ƙananan 'yan wasa su riƙa bayanin labari, shi ya buɗe baki sai in akwai abin da 'yan kallo za su riƙe. Noris ya kama wannan shawara da hannu biyu. Shirun nan da yara suka ɗauka alamar jarumtaka ce, asalinsa dabara ce ta mutumin da ya san iyakarsa. Ba gwanin kwaikwayo ba ne, bai kuma taɓa zama ba, fuskarsa ɗaya ce ko ana biki ko ana makoki. Amma ya gane haka da wuri, ya gina sana'arsa a kan abin da ya iya.

Daga nan sai A Force of One cikin 1979, The Octagon cikin 1980, da Lone Wolf McQuade cikin 1983. Cikin 1984 ya haɗu da kamfanin Cannon, suka yi Missing in Action, inda ya fito a matsayin Kanar Braddock mai komawa Biyetnam ya ceto fursunonin yaƙi. Wannan labari ya taɓa shi, gama ƙanensa Wieland a yaƙin Biyetnam aka kashe shi cikin 1970. The Delta Force ya biyo baya cikin 1986. Mai lura zai ga cewa a waɗannan finafinai bindiga da roka sun fi ƙafa aiki, zakaran kareti ya zama soja. Zai kuma ga cewa finafinai ne na siyasar Amurka ta zamanin Shugaba Regan: Ba'amurke kullum mai gaskiya, mutumin Biyetnam ko Balarabe kullum mugu. Yaran da suka yi ta tafi a gidajen kallo na ƙasar nan ba su damu da wannan ba, shurin suke jira, amma abin yana nan ga mai ido. Wanda masu sharhi suka yaba cikin finafinansa shi ne Code of Silence na 1985, inda ya fito ɗan sanda a birnin Chicago, kuma shi ne wanda kareti ya yi ƙaranci a ciki. Da kasuwar irin waɗannan finafinai ta ja baya sai ya koma talabijin, ya yi Walker, Texas Ranger daga 1993 zuwa 2001.

Sauran zakarun fa? Joe Lewis, wanda ya ci kambin masu nauyi na bugu da iyakar ƙarfi cikin 1974, kyakkyawa ne kuma ƙaƙƙarfa, aka yi masa fim mai suna Jaguar Lives! cikin 1979, aka kewaye shi da manyan 'yan wasa, fim ɗin bai je ko'ina ba. Jim Kelly, baƙar fatar nan mai tulin gashi da ya ci gasar Long Beach cikin 1971, ya burge duniya a Enter the Dragon cikin 1973, ya yi tashe na 'yan shekaru da Black Belt Jones da waɗansu, sa'an nan ya koma wasan tanis. Benny Urquidez, wanda sunansa ke sa maza rawar jiki a fage, abin da aka fi tunawa da shi a silima shi ne dukan da Jaki Can ya yi masa a Wheels on Meals cikin 1984.

'Yan Afirka ma sun fara leƙa wannan ƙofa. Francis Ngannou ɗan Kamaru ya ɗan fito a fim ɗin F9 cikin 2021, shekarar da ya ci kambin masu nauyi na gasar UFC, inda ake haɗa dambe da kokawa da shuri a cikin keji. Kamaru Usman, haifaffen Auchi a Jihar Edo, wanda ya riƙe kambin ajinsa a wannan gasa tun daga watan Maris na 2019, ya sami ɗan gurbi a Black Panther: Wakanda Forever a matsayin sojan ruwa. Fim ɗin ya fito cikin Nuwamba 2022, wata uku bayan Leon Edwards ya raba shi da kambin da shuri guda a ka, saura ƙasa da minti ɗaya a tashi, alhali Usman ne ke gaba a maki. Bai tsaya neman wani fim ba. Cikin Maris 2023 ya bi Edwards har Landan don ya karɓo kambinsa, suka yi turmi biyar cur, alƙalai suka ba Edwards.